Shin Ko Kun San? Zamanin da Motocin Paris-Dakar Ke Kwana a Tawa

Shin ko kun san cewa tseren hamada mafi suna a duniya, Paris-Dakar, ya taka ƙasar Adar tun shekararsa ta farko? An tashi daga birnin Paris ran 26 ga Disamba 1978 da abin hawa 182, babura da ƙananan motoci da 'yan kamyoyi. Suka haye teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset da Arlit da Agadas. A farkon Janairu 1979 ayarin ya iso Tawa, daga nan aka saki 'yan tsere suka yi yamma zuwa Talcho, kusa da Filinge, kafin su shiga Yamai. Su 74 ne kawai suka ga Dakar ran 14 ga Janairu. Mutanen Takanamat da na Tebaram ba sai an ba su labarin wannan yankin ba. A wancan lokaci babu kwalta, sai rairayi da kwazazzabai da ƙaya, da ƙurar ɗari mai rufe ido.

Shin ko kun san ɓata ce ta haifi tseren? A 1977 wani matashin Bafaranshe, Thierry Sabine, ya shiga tseren Abijan zuwa Nice a kan babur, ya saki hanya can ƙuryar arewa, wajen iyakar Nijar da Libiya. Ya kwana ya wuni shi kaɗai ba ruwa, har ya fid da rai, sai jirgin da ke nemansa ya hango shi. Wani da ya sha irin wannan, ko hoton hamada ba zai ƙara son gani ba. Shi kuwa yana komawa gida ya fara tara mutanen da zai kawo su gani da idonsu.

Ba shi ya fara kawo motoci hamadar nan ba, a gaskiya. Tun 1924 kamfanin Citroën ya turo motoci takwas masu sarƙa a ƙafafun baya, suka ratso Sahara, suka bi ta Yamai da Damagaram zuwa tafkin Chadi. A 1974 kuma an yi tseren Landan zuwa Munich wanda aka zana hanyarsa ta ratsa Nijar har Kano ta komo. Yawancin motocin sun ɓace ko sun lalace tun a kudancin Aljeriya, har da Mercedes ɗin Stirling Moss, gwanin tseren Ingila da ake ji da shi. Citroën DS ta wasu mutanen Ostareliya ce ta yi nasara.

Shin ko kun san da irin abin hawan da aka ci Dakar ta farko? Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500, babur mai silinda guda wanda da ƙafa ake tayar da shi. A ɓangaren motoci Range Rover ta Alain Génestier ce kan gaba. Amma motar da ta zauna a zukatan mutane ita ce wadda ta biyo bayanta: Renault 4 ta wasu wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau. Wannan 'yar motar da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ke hawa a garuruwanmu, ita suka ƙara wa jan ƙafa huɗu a garejinsu, suka shiga da ita tsakanin manyan kat-kat, ta bar kusan dukkansu a baya. A 1980 suka dawo da ita suka zo na uku. A 1982 suka ci ɓangaren motoci da Renault 20.

Nan ne ƙaunar da nake yi wa wancan zamani ta samo tushe. Motocin farko 'yan uwan namu ne. Peugeot 504 da 404, Land Rover, Toyota, Renault: duk abin da ya lalace a jikinsu, makaniken tashar Tawa ya san sunansa, ya san inda zai samo shi, in babu kuma ya san yadda zai ƙera madadinsa. Wanda ya ga irin motarsa ta wuce da lamba a ƙofa tana tashin ƙura, yana da haƙƙin ya ce a ransa, ni ma da na sami mai da tayoyi da na gwada. Motocin tseren yau kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu.

Shin ko kun san har Vespa ta shiga? A 1980 aka saki guda huɗu, biyu suka kai Dakar. A 1981 wani mai suna Thierry de Montcorgé ya zo da Rolls-Royce, motar sarakuna da attajirai, kamfanin turaren Christian Dior ya ɗauki nauyinsa. Siffar ce ta Rolls-Royce, amma ƙarƙashinta ƙashin Toyota ne, injinta na Chevrolet. Mata ma tun tashin farko suna ciki: Martine de Cortanze ta kai Dakar a 1979 a kan Honda. Ita kuwa Volkswagen Iltis da Freddy Kottulinsky ya ci tseren 1980 da ita, motar soja ce, kuma daga jikinta injiniyoyin Audi suka ɗauki dabarar da ta zama Quattro.

Shin ko kun san sai 1992 aka shigo da GPS cikin tseren? Kafin nan abin da direba ke da shi uku ne: kamfas, da agogon ƙidayar kilomita, da littafin hanya da ake raba musu, mai ɗauke da 'yan zane-zane. Ga rijiya, bar ta a hagunka. Ga busasshen icce, karkata dama. Wanda ke zaune gefen direba shi ke karantawa yana ɗaga murya saboda rurin inji. Idan iska ta share sawu, ko iccen nan wata ta sare shi ta yi girki, to sai tambaya. Sau da yawa zakaran da jaridun Turai ke bugawa a shafin farko, makiyayi ne a bakin rijiya ya miƙa hannu ya nuna masa inda Abalak ko In Gall take.

Idan kuma mota ta kafe a rairayi, babu zakara babu ɗan koyo. A sauko, a rage iskar taya, a sa shebur a tone gaban ƙafafun, a cusa faifan ƙarfe ƙarƙashinsu. Direba ya koma ya ba ta wuta a hankali, in ya yi gaggawa ta ƙara nutsewa har ciki ya zauna a ƙasa. Da ta ɗago ba ya tsayawa, domin tsayawa a nan sabuwar kafewa ce. Abokin tafiyarsa ne zai finciko faifan ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta da gudu har inda ƙasa ta yi tauri. Duk direban da ya taɓa ɗaukar fasinja da buhunan hatsi daga Tawa zuwa Tillia ko Tasara ya yi wannan fiye da yadda zai iya tunawa, shi da yaron motarsa, ba jirgin da ke bin su a sama, ba mai ɗaukar hoto. Ina ganin idan ana lissafin gwanayen tuƙin hamada aka tsallake waɗannan, lissafin bai cika ba.

Shin ko kun san filin jirgin saman Agadas sunan wani abokin Sabine yake ɗauke da shi? Mano Dayak, Ba'abzine ɗan ƙasar Ayar, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, yana cikin waɗanda suka buɗe wa tseren hanyoyin Tenere. Daga baya ya zama ɗaya daga jagororin tawayen shekarun 1990, ya rasu a haɗarin jirgin sama ran 15 ga Disamba 1995. Shi an san sunansa. 'Yan jagora da direbobin da suka yi aiki tare da shi, waɗanda suka kai gangunan mai tsakiyar hamada tun kafin 'yan tsere su iso, suka kuma kwaso waɗanda suka lalace bayan an wuce, yawancinsu ba a rubuta su a ko'ina ba.

A 1983 ne aka fara ratsa Tenere, kuma a shekarar ta nuna musu halinta. Guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere kusan 40 suka ɓace. Sabine ya hau jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi har kwana huɗu, aka tattaro su duka da rai. Wanda ya ci tseren motoci a shekarar shi ne Jacky Ickx ɗan Beljiyam, a cikin Mercedes 280 GE, mai karanta masa hanya kuma ɗan wasan fim ne, Claude Brasseur. Ickx ba baƙon gudu ba ne: ya tuƙa wa Ferrari a Formula 1, ya ci tseren awa 24 na Le Mans har sau shida. Duk da haka shekara da shekaru ya riƙa dawowa rairayin nan. Shekara guda kafin wannan, a 1982, ɗan Firaministar Birtaniya, Mark Thatcher, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya cikin Peugeot 504, sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano su. Ɓatan nasa ne ya sa rabin duniya ta fara jin sunan Dakar.

Shin ko kun san wanda ya ci tseren babura a 1984 da 1985 ƙafarsa ba ta kai ƙasa in ya hau babur ɗinsa? Gaston Rahier, shi ma ɗan Beljiyam, tsawonsa mita 1.64 ne, BMW ɗin da aka ba shi kuwa dogo ne mai ƙaton tanki. Sai ya tayar da shi yana tsaye a gefe, ya saki kuloci, ya taka ya ɗane yana tafiya. Abokin hamayyarsa a kamfani guda, Hubert Auriol, a Addis Ababa aka haife shi, shi ya sa Faransawa ke masa laƙabi da ɗan Afirka. Ya ci a 1981 da 1983. A 1987 yana kan gaba, saura ƙiris a shiga Dakar, ya daki kututture ya karya idon sawu biyu, ya sake hawa a haka ya ƙarasa zangon ranar yana kuka. Bai ƙara tseren Dakar a babur ba. A 1992 ya dawo cikin Mitsubishi ya yi nasara, ya zama mutum na farko da ya ci da babur ya kuma ci da mota.

Shin ko kun san Peugeot ta ci sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990? Dalilin zuwanta shi ne an haramta rukunin motocin da ake kira Group B a gasar duniya a ƙarshen 1986, saboda yawan mace-mace. Kamfanin ya rasa inda zai kai 205 Turbo 16, sai ya ƙara mata tsawo da babban tanki ya turo ta hamada. A ƙasar Hausa kuwa zakin Peugeot ba baƙo ba ne. Tun 1975 ake haɗa motocinta a Kaduna, 504 ta riga ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da 1978, kuma a shekarun nan samarin Turai kan tuƙo tsofaffin 504 ta Tamanrasset su sayar a Arlit da Agadas da Tawa da Yamai, su hau jirgi su koma da kuɗin. Saboda haka in rawayar 205 ta wuce, direbobin tasha kallon 'yar gida suke mata.

Jarumin wannan zango Ari Vatanen ne, ɗan ƙasar Finlan, zakaran duniya na 1981. A 1985 ya yi mummunan haɗari a Ajantina har aka cire tsammani da shi. Bayan wata goma sha takwas sai ga shi ya ci Dakar. A 1988 yana kan gaba nesa, aka wayi gari a Bamako babu motarsa, 405 Turbo 16: an sace ta. An same ta daga baya, amma lokacin tashi ya wuce, aka cire shi, ɗan ƙasarsu Juha Kankkunen ya ɗauki kofin. Na 1989 ya fi ban mamaki. Vatanen da Ickx, dukansu na Peugeot, sun bar kowa a baya, suka ratso Agadas da Tawa da Yamai suna neman halaka juna da gudu. Da aka isa Gao, shugaban tawagar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su kife duka biyu. Ya zaro tsabar faran 10 na Faransa ya wurga sama. Ta faɗo wa Vatanen, aka umarci Ickx ya sassauta. Har yau masoya tseren ba su yafe wannan ba, ni ma ina tare da su: wanda ya ratso Tenere da ransa a hannu, bai kamata sulalla ta yanke masa hukunci ba.

Shin ko kun san kamyo ya taɓa wuce motar tsere a fili? Jan de Rooy ɗan Holan ya zo a 1988 da DAF mai inji biyu, ƙarfin doki kusan 1,200, nauyi fiye da tan 10. Kyamarar jirgi ta ɗauke shi yana wuce Peugeot ɗin Vatanen a shimfiɗaɗɗen rairayi, suna gudun kusan kilomita 200 a awa. A cikin tseren nan, tsakanin Djado da Agadas, ɗaya kamyon na tawagar ya yi ta ƙundumbala, Kees van Loevezijn ya mutu nan take. DAF ta janye, aka kuma daina barin irin waɗannan dodanni.

A 1989 da 1990 Tawa zango ce ta kwana. Wanda ya ga irin daren nan a kowane gari na Sahel ba ya mantawa. Jirage sun riga sun sauka tun da rana da likitoci da 'yan jarida da makanikai. Wajen la'asar babura na farko su fara ɓullowa, mahayan fuska duk ƙasa, sai idanu. Bayan isha janareto na ruri, an haske motocin kamfani kamar rana, an ɗage su an kwance ƙafafu, direbobinsu sun yi wanka sun kwanta. Can gefe, cikin ɗarin Janairu, ga wanda ya sayar da kadararsa ya zo da kuɗin aljihunsa, shi kaɗai, tocila a baki, yana ɗaure abin da ya karye da waya. Sai asuba zai gama, ya sha kofi ya koma layi. Maƙera da dukawa sun baza takubba da zobban azurfa da jakunkuna. Yara sun yi da'ira, jandarmomi na kora, suna komowa. Hantsi na yi ba kowa, sai gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da mutanen gari za su mayar da su takalma da gugar rijiya.

Shin ko kun san akwai waɗanda tseren ya bar wa makoki? Motoci kan keta ƙauyuka da gudun da ba a saba gani ba, yara kuma ɗoki kan fito da su har tsakiyar hanya. A 1988 kaɗai, wata yarinya 'yar shekara 10 ta mutu a Kita ta ƙasar Mali, wata uwa da 'yarta suka mutu a Muritaniya. A shekarar har jaridar Fadar Paparoma ta yi tir da tseren, tana ganin baje kolin dukiya ne a ƙasashen da ake fama da yunwa da ƙishirwa. Mutanen Adar da suka ga farin 1984 sun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Sunayen direbobin da suka mutu suna nan a rubuce ɗaya bayan ɗaya. Na 'yan ƙauye kuwa, da dama ko a jarida ba su fito ba, kuma wannan tabo ne da son da nake yi wa tseren ba zai goge ba.

Sabine kansa bai tsira ba. Ran 14 ga Janairu 1986 jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, shi da mutum huɗu. Cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda a wannan karon ya biyo ayarin ne domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An kai tokar Sabine gindin wani icce tilo a arewacin Tenere, wanda yanzu ake kira da sunansa. Kada a haɗa shi da shahararren Iccen Tenere. Wancan wata babbar mota ce ta kayar da shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai.

Shin ko kun san a 1991 ayarin ya yada zango a Tillia, nan arewa da mu? Daga Agadas suka ratso Azawak suka kwana can, washegari suka nufi Gao. A kan wannan hanya, cikin ƙasar Mali, aka harbe Charles Cabannes, direban kamyon kayan gyara na Citroën. Tawaye ya riga ya kunno kai a ƙasashen biyu. Vatanen ya ci na huɗunsa a shekarar cikin Citroën ZX, Stéphane Peterhansel kuma ya ci na farkonsa a babur, cikin 14 da ya tara daga baya.

A 1997, bayan sulhu, aka shirya Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. Suka shigo ta Menaka suka kwana Tawa, suka wuce Agadas. Kenjiro Shinozuka ya yi nasara da Mitsubishi Pajero, ɗan Japan na farko da ya ci, Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta zama mace ta farko da ta ci zango; a 2001 ta ci tseren duka. A 2000 ayarin ya iso Yamai a hanyarsa ta zuwa Alƙahira, sai aka sami labarin 'yan bindiga na jiransa a arewa. Aka soke zangunan Nijar, aka kawo manyan jiragen Antonov suka kwashe motoci da babura da kamyoyi zuwa Sabha ta Libiya. Tawa da Agadas ba su ƙara ganinsa ba. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, a 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma Saudiyya ake yinsa.

Bature mai kewar wancan zamani, motocin yake kewa da direbobin. Mu a nan muna kewarsu, muna kuma kewar hanyar. Dajin Tillia da ɗaruruwan baƙi suka shimfiɗa barguna suka kwana a fili, tun 2017 yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A Maris 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tillia a yini guda, Allah ya jiƙansu. Rurin babur daga nesa, wanda a da yara ke rugawa su tarba, yau uwa in ta ji shi tattara 'ya'yanta take yi.

Shin ko kun san tsofaffin motocin sun dawo fage? Mazajen dai suna ta tafiya: Rahier ya rasu a 2005, Brasseur a 2020, Auriol a 2021, René Metge da ya ci sau uku da Range Rover da Porsche ya bi su a 2024, Shinozuka ma a shekarar. Amma tun 2021 masu shirya tseren suka buɗe rukunin da suke kira Dakar Classic, da farko na motocin da aka ƙera kafin 2000. An kakkaɓe tsofaffin Pajero da Range Rover da Porsche da Peugeot 504, an mayar musu da fentinsu na da, ana auna su da daidaita gudu da iya bin hanya. Wasunsu sun taɓa shan ƙurar Tawa da Abalak. A rairayin Saudiyya suke gudu yanzu.